Ranar da Inna Kulu Ta Sa wa Ruwa Alama

Ku samarin nan da kuke zama bakin shagona kuna danna waya, na ji abin da kuka ce jiya da na juya baya. Wai aikin Baba Ilu ai ba aiki ba ne: a tona rami, a jefa inji ciki, a haɗa wuta, ruwa ya yi tsiri, shi ke nan. To madalla. Gemuna ne ya yi fari, kunnena lafiyarsa lau. Ku matso in ba ku labarin maɓuɓɓugar da ke tsakiyar Lambun Alhaji Mamman a nan Konni, wadda rabinku kuka yi wanka a cikinta ba ko wando, wadda kuma saura ƙiris a cike ta da yashi saboda maganar tsohuwa guda. Amma bari in faro daga farko, don ku san abin da ya kusa shiga ƙarƙashin yashin.

Aikin farko da aka ba ni a Malbaza riƙon tiyo ne. Maigidana Malam Sanda, Allah ya jiƙansa, shi ke ja wa gidajen ma'aikatan siminti ruwa, ni kuwa na zo daga ƙauye da ƙarfin noma da taurin kai. Yana da wani siririn tiyo wanda ake ganin cikinsa. Ya cika shi da ruwa, ya ba ni baki ɗaya ya riƙe ɗaya, ya ce in manna nawa jikin bango in faɗa masa inda ruwan ya tsaya. Na ɗauka raini ne. Ni da na zo koyon kile, wato sifana, da zarto, a ce in yini ina gadin ruwa cikin roba? Ina waiwayen motocin siminti da ke wucewa, sai in ji tsawa daga can ƙarshen bango: "Ilu! Dubi ruwa, bar dubin hanya!" Daga baya na gane da wannan tiyon ake daidaita gini, domin ruwan baki ɗaya ba ya taɓa fin na ɗayan tsawo. Daron simintin da ake gina wa maɓuɓɓuga, in bakinsa ya karkace ko da kaurin yatsa, ruwa zai malala ta gefe guda ya bar ɗayan a bushe, kuma duk wanda ya zo wucewa zai gani. Tiyon nan yana cikin jakata har yau, ya yi ja saboda tsufa.

Shi ya koya mini sha'anin tsamiya. Ruwan ƙasarmu nan mai farar ƙasa ne, yakan bar ɓawo a duk inda ya bi. Kawunan tagullar da ruwa ke fesowa ta cikinsu ƙananan huji gare su, kafin ka ankara sun toshe, wannan ya fesa hagu, wancan ya yi ta tofar da yawu. Mai gaggawa zai ɗauko allura ya caka, ya faɗaɗa hujin, ya lalata kan har abada. Malam Sanda kwance su yake yi ya jiƙa cikin ruwan tsamiya mai kauri su kwana, da safe ya bi su da tsinken tsintsiya a hankali. Matarsa ta sha ɓoye tsamiyar kununta a ƙarƙashin gado saboda mu.

Maɓuɓɓugar farko da na sa hannu a kanta a Illela muka yi ta, gidan wani mai manyan motoci. Ya ga irinta a wani otal a tafiye-tafiyensa, ya dawo ya ce shi tasa sai ta wuce tsawon soro, don masu wucewa a titi su gani. Malam Sanda ya ce masa daron ya yi ƙanƙanta ga wannan tsawo. Mutumin ya ce ai shi ke da gidan. Muka buɗe masa ita iyakar ƙarfin injin, aka ajiye ta sai ranar sunan ɗansa. Baƙi suka cika tabarmi da shadda mai sitati, aka jera akusan tuwo, mai gida ya yi mana alama da ido. Ruwa ya tashi gwanin kyau, jama'a suka ce tubarkalla. Sai iska ta kaɗo daga gabas. Wallahi ban taɓa ganin manyan mutane sun tashi da sauri haka ba. Mai unguwa ya fita rawaninsa na ɗiga, wani ya gudu da akushi a kai, mata daga cikin gida suna leƙe suna dariya har da riƙe ciki. A hanyarmu ta komawa Malam Sanda ya ce mini, in zan tada ruwa, in auna daga tsakiyar daro zuwa bakinsa, kada tsawon ruwan ya wuce haka. Abin da ya wuce nan na iska ne.

Bayan na kama kaina na dawo Konni, na yi ƙanana da yawa, a gidajen 'yan kasuwa da gaban wuraren cin abinci. Wani ya ce in yi masa tulu yana tsiyaya, wata ta ce ita kifi take so mai buɗaɗɗen baki, na yi mata, maƙwabta suka ce kada ne. Amma aikin da nake alfahari da shi ya zo ne ranar da Alhaji Mamman ya tsaya da motarsa a nan inda kuke zaune, ya ce zai buɗe wa yara wurin wasa a filinsa na bakin gari. Ya riga ya sayo lilo da abin zamiya da wasu dawakin ƙarfe masu juyawa, yana so in yi masa ruwa a can kusurwa don ado, a kewaye shi da waya kada yara su taɓa.

Na ce, "Alhaji, yaron da at taso cikin zahin Konni, ka nuna mishi ruwa ka ce kar shi taɓa? Wayar ga ba ta kwana biyu."

Ya yi dariya ya ce to in yi yadda na gani.

A nan ne aikin yake, ku masu cewa rami ne da inji. Na sa ta tsakiyar fili, daidai ƙofa, yadda yaro zai hango ta tun yana titi ya fara jan hannun uwarsa. Na yi mata matakala ta duwatsu a gefe guda don ruwan ya riƙa gangarowa da ƙara, domin ƙarar ruwa tana sanyaya mutum tun bai taɓa shi ba. Zurfinta bai wuce ƙwaurin yaro mai tatata ba, don in ya faɗi ya iya tashi da kansa. Ƙasan na bar shi da kaushi, na bi shi da tsintsiya tun siminti na ɗanye, saboda santsi. Inji da duk abin da ya shafi wuta na gina musu ɗaki can nesa da makulli. Bakin da ke zuƙar ruwa na rufe shi da raga mai faɗi, kada ya kama ƙafar wani, kuma ya tare ganyen bedi da leda. Iyaye na yi musu dakali a inuwa, inda feshin ke kai musu sanyi ba ya jiƙa su. Sannan na yi muguntar da na fi jin daɗinta: wasu kawuna da na binne a ƙasa, su yi shiru kamar sun mutu, sai yaro ya sunkuya leƙawa su feso masa a hanci.

Ranar Sallah aka buɗe. Yara suka shigo da sababbin kaya, suka wuce lilo, suka wuce dawakin Alhaji ko kallo, suka tsaya cirko-cirko bakin ruwan. Wata 'yar ficiciya da lalle har gwiwar hannu ta tuɓe takalmi ta tsoma ƙafa ɗaya. Ba wanda ya yi mata tsawa. Kafin in ƙifta ido daron ya cika da ihu. Iyaye mata suna ta salati saboda kayan Sallah, amma na ga wasunsu sun matso suna tara hannu a ɓoye. Yaran suka sa mata suna Mai Tsiri, har masu kabu-kabu suka riƙa kwatance da ita. Ranar nan na yi farin ciki irin wanda ban san inda zan ajiye shi ba, na tsaya jikin ɗakin inji ina dariya ni kaɗai.

Sai shekarar wahala ta zo. Damina ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye, rijiyoyin ƙauye suka janye. Kuran ma, wato wutar lantarki, ya riƙa yi mana wasan ɓuya, sai da na roƙi Alhaji muka ɗora wa injin sola. Da bazara ta matsa, Alhaji ya je Bazaga ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Kulu, ta zo ta zauna wurinsa har ruwa ya sauka. Tsohuwa ce 'yar firit, amma ko a garinsu in ta yi magana ba a maimaitawa. A hanyar kawo ta gida motar ta bi ta gaban lambu. Ta leƙa ta taga, ta ga ruwa yana tashi sama yana zubowa, yara na tsalle a ciki. Direba ne ya gaya mini wannan daga baya.

Washegari da hantsi na tarar da tsibin yashi a ƙofar lambu, Alhaji na tsaye kusa da shi kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Malam Ilu, Inna tac ce a kashe shi," ya ce. "Tac ce can gida mata na wuni bakin rijiya don tulu guda, ɗanta kau na watsa ruwa sama don wasa. Tac ce kunya ba ta barin ta komawa Bazaga. Ga rairai nan, a cika shi, a dasa hure ko mi."

Na ce masa ai ruwan juyawa yake yi, ba sabo ake zubawa ba. Ya ce ya faɗa mata, ta ce maganar 'yan birni ce. Ya ce shi dai ba zai ƙetare maganar mahaifiyarsa ba, ko da lambun duka ne ta ce a rufe. Ban ga laifinsa ba, nima da tawa ce haka zan yi. Amma na dubi yashin nan, na juyo wurinsa. Na roƙe shi abu ɗaya, ya bar ni in je in gaishe ta kafin a sa shebur.

Na same ta zaune a tabarma tana tsince wake. Na tuɓe takalmi na durƙusa, muka gaisa doguwar gaisuwa, na tambayi mutanen gida da dabbobi. Ta dube ni daga sama zuwa ƙasa.

"Kai ne mai watsa ruwan?"

"Ni ne, Inna. Amma ruwan ga guda ne. Shi ka tashi, shi ka saukowa, shi ka komawa cikin inji shi sake tashi."

"Kai kac ce. Ni ban san shi ba, ruwa duk kama guda gare su. Mu akuya in za ta shiga garke, alama mukan sa mata. Ka sa ma naka alama in gani."

Na yi shekaru ina aikin ruwa, ban taɓa tunanin a sa masa alama ba. Ita kuwa ta riga ta miƙe tana neman mayafi, ta ce a kira mata wancan ya kai ta. Alhaji take nufi. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

Da muka isa ta zagaya daron a hankali, tana dogara sanda. Ta tambayi ta ina sabon ruwa ke shigowa, na nuna mata robine, wato famfon. Ta ce in rufe, na rufe. Ta ce in cire kan in ba ta. Na sa kile na kwance shi, ta ƙulle a haɓar zane. Ta aika aka samo mata gawayi wurin mai tsire, ta sunkuya ta ja layi a jikin siminti daidai inda ruwan ya tsaya. Sannan ta waiga ta hango Rabi mai zoɓo, wadda ke sayarwa a bakin ƙofa tun ranar da aka buɗe lambun.

"Ke ɗiyar ga, akwai wanda ba ki sa ma sukari ba?"

Rabi ta ce akwai tukunya guda da ta jiƙa, ko tsarkawa ba ta yi ba. Aka ɗauko. Na ce don Allah a tace da kallabi saboda inji, aka tace. Inna Kulu da hannunta ta juye shi cikin daron, ta ce in tada. Ruwa ya fara fitowa fari, can sai ya sauya. Farar ƙasar da ke cikin ruwanmu ta juya zoɓon, ya fito da wani launi tsakanin ja da shuɗi, ya tashi sama cikin rana. Yaran da aka tsayar a gefe suka saki ihu, Rabi ta ce ita yau ta ga zoɓonta ya yi sallama da ƙasa. Inna ba ta ko murmusa ba. Ta ce a bar shi yana aiki yadda aka saba, gobe war haka za ta dawo, ta tafi da kan robinen a zanenta.

Washegari ta dawo, jama'a sun taru fiye da jiya, don labari ya zaga gari. Tsibin yashi na nan inda yake, har da shebur biyu a soke. Ruwan yana nan da launinsa, bai koma fari ba. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sunkuya ga layin gawayinta, ta tarar ruwan ya sauka ƙasa da shi kaɗan. Ta ɗora yatsa a wurin.

"Wa as sha wanga?"

"Rana da iska, Inna."

"Rana babu yadda mutum ka yi da ita. Iska kau kai kab ba ta, da kat tada shi har can. Dubi ƙasa ta gabas, a jiƙe take."

Na duba, gaskiyarta. Tun da muka koma sola, injin yakan ƙara ƙarfi da tsakar rana ya wuce inda na tsayar da shi. Maganar Malam Sanda ce ta dawo mini daga bakin tsohuwar da ba ta taɓa riƙe kile ba. Ta ce a rage masa tsawo, kuma a daina tada shi da tsakar rana, a bari sai la'asar. Na ce an gama. Ta tambayi in ya yi datti ina ake kai shi. Na ce gindin itatuwan bedi. Ta nuna waje da sandarta, inda masu amalanken jakkai ke tsayawa cikin rana suna jiran lodi. Ta ce bedi saiwarsa na da tsawo, ya nemi nasa, jakin da ya jawo kaya daga ƙauye shi ya fi buƙata.

Duk wannan fa ba ta ce a bar ta ba. Alhaji na tsaye gefe, kai a sunkuye. Ta kwance haɓar zane ta miƙo mini kan robinen, sannan ta ce, "Ina akan taɓa shi tashi?"

Akwai wani ɗan akwati a gefen daron, mai maɓalli a ciki wanda nake buɗe ruwan da shi. Na murɗa na rufe, wurin ya yi tsit. Na ce ta kawo hannu. Da na kama hannun don in ɗora mata, na ji tafin da kanta kamar ƙirgi, sawun igiyar guga ya yi layi a ciki. Na ce ta murɗa kaɗan zuwa hagu. Ta haɗa ƙarfi kamar za ta ja wasaki, abin kuwa ya juya da yatsu biyu. Ruwa ya yi ɓul-ɓul, ya miƙe tsaye a gabanta. Ta ja da baya. Ta mayar, ya kwanta. Ta sake murɗawa, ya sake tashi. Ana nan sai ɗaya daga cikin kawunan nan nawa na mugunta ya feso mata a haɓa.

Alhaji ya dube ni kallon da na ce yau tawa ta ƙare. Sai Inna Kulu ta shafa fuska, ta fashe da dariya, dariya sosai har dasashi, tana jingina da sanda.

"La'ilaha illallahu! Tun ina ɗiya ƙarama nike jan ruwa da igiya shina ƙi. Yau ga shi shina tasowa da kainai, har da tsokana!"

Jama'a suka ɗauka da dariya, Rabi ta rangaɗa guɗa. Alhaji ya matso a hankali, ya durƙusa, ya ce, "Inna, to rairan can hwa?"

Ba ta ko waiwaya ba. Ta ce, "A ba mai famfo shi gina ma jakkai kwami."

Kwamin da kuke gani jikin bangon lambu ta waje, wanda jakkai da awaki ke sha, da wannan yashin na gina shi, kuma da tsohon tiyon Malam Sanda na daidaita bakinsa. In kun ga dama gobe ku zo da tsamiya, za mu kwance kawunan Mai Tsiri, sai ku gaya mini ko rami ne da inji.

Waccan ranar dai ba a samu raba Inna da akwatin nan ba har aka kira magariba. Aka kawo mata kujera ta zauna, tana buɗewa tana rufewa, mayafinta ya jiƙe sharkaf da ruwan zoɓo. Yara sun yi layi a bayanta, kowa na so a bar shi ya murɗa ko sau ɗaya. Da suka dame ta da magiya, ta juyo ta ɗaga musu sanda tana dariya.

"Ku jira," ta ce. "Ku kun daɗe kuna wasa. Ni yau nif fara."